Ƙwaro a cikin amba: tun yaushe dangin buzuzu suke duniya?

Ummi Sa'idu: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga malamanmu. An nuna mana hoton wani ɗan ƙwaro a cikin dutse mai launin zuma, ƙafafunsa da gashin kansa duk suna nan cif, aka ce shekararsa miliyan 99. Aka kuma ce wai daga irin wannan dutse aka gano asalin dangin buzuzu, wato ƙwarin nan masu murfi mai tauri a kan fiffikensu. Haka maganar take? Kuma ta yaya ƙwaro zai shiga dutse bai murƙushe ba?

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam Ummi. Bari in ɗauki ta biyun. Abin da kika gani tun asali danƙon itace ne. Akwai itatuwan da in an ji musu rauni sai su fitar da ruwa mai yauƙi ya toshe wurin. Ƙwaro ya taka ya maƙale, wani danƙon ya sake gangarowa ya lulluɓe shi, iska ba ta shiga. Daga nan gudan ya faɗa laka, ƙasa ta binne shi, zafi da nauyi suka yi ta aiki a kansa har ya ƙanƙame ya yi tauri. Shi ne amba.

Alhaji Mamman: To ashe ƙaro ne, irin na dakwara da ake kawowa daga Nguru?

Malama Hadiza: Ba shi ba ne, ranka ya daɗe. Ƙaron dakwara ruwa na narkar da shi, shi ya sa ake haɗa tawada da shi. Damina ɗaya ta ishe shi. Wanda ya fi kusa shi ne danƙon hano da ake turare da shi, don shi ruwa ba ya cin sa. Amma galibin tsohon amba daga itatuwa marasa fure ya fito, masu ganye siri-siri.

Dokta Bashir: Ummi, tambayarki ta farko nake so mu tsaya a kai, don maganar da aka gaya muku tana bukatar gyara. Amba bai ga farkon dangin buzuzu ba, ko kusa. Amba mafi tsufa da ake samun ƙwari da yawa a cikinsa shi ne na Lebanon, shekara miliyan 125 zuwa 130. Na Myanmar, wanda kika ga hotonsa, miliyan 99. Amma ɗaya daga cikin tsofaffin burbushin wannan dangi a jikin faifan dutse aka same shi a Jamus, aka sa masa suna Coleopsis archaica, kuma ya kai wajen shekara miliyan 295. Ki yi lissafi da kanki. Sun shafe sama da shekara miliyan 160 suna harkarsu kafin wanda muka fara gani a amba ya maƙale.

Waɗancan na farkon, akasarinsu fiffike kawai muke samu, an danne shi ya yi shafal. Wurin da ya yi suna a kansu shi ne Chekarda a Rasha, a gindin duwatsun Ural. In ka duba fiffikensu na sama za ka ga bai gama zama ɓawo ba, jijiyoyi ne a sarƙe da ƙananan tagogi a tsakani, kuma ya zarce cikin ƙwaron tsawo. Masana na ganin a ƙarƙashin ɓawon itace suke zama. Daga baya fiffiken ya yi tauri, ya zauna daidai jiki, na baya kuma mai laushi aka riƙa naɗe shi a ƙarƙashi. Wannan murfi shi ya buɗe musu duniya. Ƙwaro mai shi zai kutsa ƙasa, ruɓaɓɓen itace, ruwa, kashin dabba, ya fito fiffikensa bai yage ba, ya tashi abinsa. A yau an san nau'insu kusan 400,000, wajen ɗaya cikin huɗu na duk dabbobin da aka ba suna.

Alhaji Mamman: Har da mai huda mana wake a buhu kenan, Dokta?

Dokta Bashir: Har da shi, Alhaji. Da gunda, da makesu mai walƙiya da dare, da mai cin busasshen kifi. Duk gida ɗaya.

Malam Nura: Allah mai iko. Ni dai wurin shekarun nan nake tsayawa kullum. Wa yake nan da zai ce miliyan 99 ba miliyan 9 ba? Ba gardama nake ba, so nake in san da me aka auna.

Injiniya Lawal: Tambaya ce mai kyau, Malam, kuma wannan ɓangarena ne. Ba amban kansa ake aunawa ba, ƙasar da ya kwanta a ciki ake aunawa. A kwarin Hukawng na jihar Kachin, inda ake haƙo na Myanmar, ƙasar tana da tokar dutse mai aman wuta. A cikin tokar akwai ƙananan ƙwayoyin ma'adini da ake kira zarkon. Lokacin da zarkon ke ƙulluwa yana karɓar yuraniyom a jikinsa amma ba ya karɓar dalma. Shi kuma yuraniyom a hankali yake rikiɗa ya koma dalma, da saurin da aka auna aka sani. Duk dalmar da ka samu a cikin ƙwayar, bayan ƙulluwarta ta taru. Sai a gwada yawan wannan da na wancan, lissafi ya fito. A 2012 aka yi wannan awo, aka samu kusan miliyan 99.

Kuma akan yi kuskure a gyara. Amban Habasha da aka sanar a 2010 an ce ya kai wajen miliyan 95. Da aka sake duba ƙwarin da ke ciki da garin furen da ke tare da shi, wato ƙurar da tsire-tsire ke barbara da ita, sai aka ga bai wuce wajen miliyan 20 ba. Masanan da kansu suka fito suka gyara.

Malam Nura: Na gamsu da hanyar awon. Na gode Injiniya.

Ummi Sa'idu: To Dokta, in amba bai nuna farko ba, me ya sa ake ta zuzuta shi?

Dokta Bashir: Saboda dutse yana gaya miki cewa ƙwaron ya taɓa wanzuwa, amba kuwa yana nuna miki abin da yake yi ranar da ya mutu. Bari in kawo misalai.

Akwai wani da aka bayyana a 2019, Angimordella burmitina, daga Myanmar. Bayansa a doro, kansa a sunkuye, ƙafafun baya manya, irin siffar danginsa na yau masu zama a kan fure. Da aka haska shi da hasken leza a ƙarƙashin madubi, sai garin fure ya yi ta ƙyalli a tsakanin gashin jikinsa. Aka ƙirga ƙwaya 62, kowace da tsaga uku a jikinta, alamar tsire-tsire masu fure na sosai. Tazarar gashin ma ta yi daidai da girman ƙwayar, yadda za ta maƙale. Wato shekara miliyan 99 da suka wuce ƙwaro na ɗaukar gari daga fure zuwa fure.

Wani kuma, Cretoparacucujus cycadophilus, an bayyana shi a 2018. Shi a gindin muƙamuƙinsa akwai ɗan rami mai gashi na ɗaukar gari, kuma garin da ke kewaye da shi na sikad ne, wani tsiro mai kama da gajeren dabino wanda ba ya fure. Danginsa na kusa suna nan har yau, wasu a kudancin Afirka, wasu a Ostireliya, kuma har yanzu a kan sikad ake samun su. Rabuwar nan tasu tana nuna aikin ya girmi lokacin da nahiyoyin kudu suka tsage suka rabu.

Sai masu zaman gidan wasu. A 2017 an samu wani ɗan mitsitsi, bai kai milimita ɗaya ba, jikinsa a rufe ruf da ɓawo mai faɗi ta yadda gara ba za ta samu wurin cizo ba, irin siffar waɗanda ke zaune cikin shurin gara a yau. A 2019 aka samu wani mai alamun zaman gidan tururuwa. A 2021 aka samu Cretophengodes azari, mai gurbin haske a cikinsa, ɗan uwan makesu. Irin waɗannan a dutse da wuya ki gani.

Malama Hadiza: Ni wanda ya fi taɓa ni shi ne na Sifaniya, mai shekara miliyan 105. Guntayen gashi ne irin na tsuntsu, na dainoso, dabbobin nan na zamanin da da suka ƙare, a cikin amba, a tsakaninsu kuma ga saɓar tsutsar ƙwaro, dangin masu cin fata da busasshen kifi. Wato tun lokacin suna zaune a sheƙa suna cin gashin da ya zube. Duk mai sayar da banda ya san jikokinsu.

Amma Dokta, ai misalanka da kanka sun nuna abin da nake koya wa ɗalibai: fure ne ya yawaita su. Tsire-tsire masu fure sun bazu a daidai wannan zamani, ƙwarin suka samu sabon abinci, suka rarrabu. Masanin ƙwari Brian Farrell ya nuna haka tun 1998, ya gwada zuriyar da ke cin masu fure da 'yan uwansu da suka tsaya kan marasa fure, bambancin yawan ba kaɗan ba ne. Dangin gunda kaɗai sun kai nau'i 60,000.

Dokta Bashir: Malama, ban musa aikin Farrell ba, amma ina ganin an ɗora wa fure kayan da ya fi ƙarfinsa. Dubi amban Lebanon. Lokacin fure bai zama komai a daji ba, amma manyan rukunan dangin buzuzu duk sun riga sun rabu, da iyalai da yawa da muka sani yau. Sannan ga iyalin Staphylinidae, masu gajeren murfi da dogon ciki, su ma sun haura nau'i 60,000, kuma yawancinsu farauta suke a cikin ruɓaɓɓen ganye. Me ya haɗa su da fure?

Ga kuma Darwinylus marcosi na Sifaniya. Garin da ke jikinsa na tsiro marar fure ne, alhali danginsa na yau a kan fure suke. Abin da na fahimta shi ne sun riga sun iya sana'ar, fure ya zo ya tarar da su, suka sauya sheƙa.

Malama Hadiza: Sauya sheƙar ai ita ce magana. Kafin ta su nawa ne, bayan ta su nawa? Iyali ya daɗe a duniya daban, ya cika duniya daban. Kuma binciken ƙwayoyin gado na 2019, wanda masanin ƙwari Duane McKenna ya jagoranta, ya nuna masu cin tsiro sun samu sinadaran narkar da itace da ganye daga bakteriya da funfuna, gadon ya shiga jikinsu. Da wannan makami suka shiga cikin kara da iri da saiwa. Ba don yalwar tsiron ba, ina za su kai shi?

Dokta Bashir: Wannan binciken da kika kawo shi ne kuma ya kai asalinsu wajen shekara miliyan 327, ya ma wuce burbushin Jamus. Kuma akwai abin da ba a cika faɗa ba, wato rashin mutuwa. Babban rukuninsu, Polyphaga, wanda ya ƙunshi kusan kashi 90 cikin ɗari, iyalansa ba su cika ƙarewa ba. Masifar da ta shafe dainoso shekara miliyan 66 da suka wuce ba ta yi musu wani babban lahani ba a matakin iyali. Wadda ta taɓa su sosai ita ce ta miliyan 252, lokacin da dazuzzuka suka rushe, masu cin itace suka yi ƙasa ƙwarai. Zuriyar da ke ƙaruwa ba ta raguwa tsawon wannan lokaci dole ta yi yawa, ko da fure ko babu. A kan gunda da masu cin ganye na ba ki gaskiya. A kan sauran ban ba ki ba.

Malama Hadiza: To mu bar shi a nan, amma rabin da ka ba ni ba ƙarami ba ne.

Injiniya Lawal: Ku duka biyu ku yi hattara da amban kansa. Mai son kai ne. Abin da yake kamawa shi ne ƙaramin ƙwaro mai yawo a jikin itace, a dajin da ke fitar da danƙo, kusa da ruwa inda laka za ta binne shi. Babban ƙwaro yakan fizge ya tsere. Na fili da na busasshiyar ƙasa ba su zuwa wurin. Kamar ka zauna a bakin rijiya ɗaya ne ka ce ka ƙirga mutanen gari. Shi ya sa ake samun irin Kekveus jason, mai rabin milimita, fiffikensa gashi-gashi, amma manyan ba safai ba.

Alhaji Mamman: To shi buzuzu namu mai tura kashi fa? An same shi?

Dokta Bashir: Da ƙyar, Alhaji, saboda dalilin da Injiniya ya faɗa. Shi a ƙasa yake aikinsa. Wanda masana suka fi amincewa da shi a matsayin mafi tsufa a reshensa daga amban Faransa ya fito, shekara wajen miliyan 53.

Amma tunda an ambaci kashi, ga wani abu. A arewacin Italiya akwai amba mai shekara miliyan 230. An tace ɗigo kusan 70,000, uku kacal aka samu da halitta mai gaɓoɓi a ciki: biyu ƙananan dangin kaska, ɗaya guntun ƙuda. Dangin buzuzu ko ɗaya. Sai ga shi a 2021 Martin Qvarnström na jami'ar Uppsala da abokan aikinsa sun ɗauki wani daskararren kashi daga Krasiejów a Poland, shi ma wajen miliyan 230, suka kai shi Grenoble a Faransa, inda ake da na'urar hoto mai ratsa dutse. A ciki suka ga ƙwari cikakku, da ƙafafu da gashin kai, tsawonsu bai kai milimita 2 ba. Suka sa musu suna Triamyxa coprolithica. Ana zaton wani ɗan uwan dainoso mai suna Silesaurus ne ya haɗiye su, wataƙila tare da gansakukar bakin ruwa. Murfin nan mai tauri ne ya hana cikinsa narkar da su. Wannan ya girmi amban Lebanon da shekara miliyan ɗari, kuma a ganina nan ne za a riƙa leƙa zamanin da amba bai kai ba.

Ibrahim Damagaram: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma yana damuna. Amban Myanmar daga fagen yaƙi yake fitowa. Kachin an daɗe ana faɗa tsakanin sojan gwamnati da mayaƙan yankin, kuma a Yunin 2017 soja suka kutsa yankin Tanai inda ramukan suke, mutane suka bar gidajensu. Masu haƙar talakawa ne, suna sauka ramuka masu zurfi da ƙunci. Kayan kuma a tsallaka da shi kasuwar Tengchong a China a sayar. A Afrilun 2020 ƙungiyar masana burbushin dabbobi masu ƙashin baya ta rubuta wa mujallu cewa su daina karɓar bincike kan amban da aka saya bayan Yunin 2017, bayan juyin mulkin 2021 kuma ta ƙara tsanantawa. Duk kyawun ƙwarin nan, wa ya biya kuɗinsu?

Dokta Bashir: Gaskiya ka faɗa, Malam Ibrahim. Masu nazarin ƙwari da yawa sun ce haramcin ya yi faɗi. Hujjarsu ita ce kasuwar ta kayan ado ce, ko masana sun janye za a ci gaba da haƙa, abin da zai canja kawai shi ne ƙwaron zai ƙare a wuyan wata maimakon gidan tarihi. Sun ce kuma guntu mai ƙaramin ƙwaro ba shi ke kawo manyan kuɗi ba. Ni ina ganin wanda aka tattara kafin 2017 a yi aiki da shi, na baya kuma sai da shaidar inda ya fito.

Ibrahim Damagaram: Shaida a hannun wa, Dokta? Dillali ne zai rubuta ta. Kuma ka duba sunayen masu rubuta binciken nan, 'yan Myanmar ƙalilan ne ƙwarai a ciki. Mu a Nijar abin ba baƙo ba ne gare mu. Ƙasusuwan dainoso na Gadufawa, su Nigersaurus, sun yi suna a duniya, shekarunsu ma kusan ɗaya da amban Sifaniya da Malama ta ambata. Amma yaro a Agadas ko Damagaram sau nawa ya ji labarinsu a aji? Ilimi ya tafi, ramin ya rage. Ni dai ba na so in ji daɗin hoto in manta da wanda ya shiga ramin.

Malama Hadiza: Ina tare da kai a kan wannan. Ko a aji, in na nuna hoton, ya kamata in faɗi daga ina ya fito da halin da mutanen wurin ke ciki.

Ummi Sa'idu: Malamai, mu a Afirka ba mu da namu amban ne?

Injiniya Lawal: Akwai, ba a dai bincika sosai ba. Ban da na Habasha, an samu mai ƙwari a Kongo Brazabil, na zamanin dainoso. A kudu maso gabashin Najeriya an daɗe da sanin amba a duwatsun Ameki, wajen Umuahiya. A Orapa ta Botswana kuma, a ramin lu'ulu'u, akwai dangin buzuzu masu shekara wajen miliyan 90, amma a jikin dutse suke. Sai a yi hankali da na gabashin Afirka da Madagaska da ake sayarwa da sunan amba. Yawancinsa sabon danƙo ne da bai nuna ba, in ka ɗiga masa sifirit sai ya yi yauƙi.

Wurin nema shi ne inda ake samun kwal da baƙar laka mai guntayen itace. Amba ba shi da nauyi, yana tasowa a ruwan da aka cika wa gishiri, in ka goga shi a tufa kuma yana jan ƙananan guntayen takarda. Wanda ya tsinci irinsa kada ya wanke shi ko ya goge shi don ya yi sheƙi. Ya rubuta wurin da zurfin, ya ɗauki hoton bangon ramin, ya bar ƙasar da ke manne da shi, don da ita za a gane shekarunsa. Sannan ya kai sashen nazarin ƙasa na jami'ar da ta fi kusa da shi.